Shingen Glenys

Litinin 6 ga Oktoba, da hantsi

Sun gama kafa shingen. Na ja karyata Tuppence muka je na gani da idona, don ban yarda da aikin 'yan kwangila ba sai na taɓa. Ƙarafa biyu ne a mashigar hanyar katako mai zuwa bakin teku, ɗaya gaba ɗaya baya, an dasa su cikin siminti. Duk mai keke dole ya sauka ya karkata shi kafin ya wuce, ga kuma allo ya ce a tura keke da hannu har ƙarshen hanya. Na kama ƙarfen na girgiza, ko gezau.

Tun watan Mayu nake wannan yaƙi, tun ranar da yaron nan mai keken batir ya maka ni da dogarin katako ya wuce ko waiwaye babu. Sai da na yi sati uku ban iya kwanciya a gefen hagu ba. Kansila Pruett ya so a raba lokaci, kekuna da sassafe, masu ƙafa da rana. Na ce a'a. Ya ce to a sa shinge mai makulli wanda za a iya buɗewa. Na ce makulli ai hannu yake bi, yau yana wurin wannan gobe yana wurin ɗan ƙanwarsa, siminti nake so. Na kuwa samu.

Da mijina Merv yana nan da ya yi dariya har da hawaye. Yana nan mana. Ina nufin da yana gida.

Laraba 8 ga Oktoba, bayan abincin rana

Hotona a shafi na uku na jaridar garin, hannuna kan ƙarfen kamar wadda ta harbo zaki. Noelene maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga tana kaɗa jaridar.

"Ranki ya daɗe, uwar dokoki! Saura ki hana tsuntsayen teku yin kashi a kan benci."

Na ce mata su ma suna cikin lissafi.

Bronwyn ta bugo daga Perth. Na karanta mata labarin jaridar tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "Madalla, Mama. Kin je wurin Baba kuwa?" Yarinyar nan tun tana ƙarama ta iya zuba wa mutum ruwan sanyi. Na ce mata gobe.

Alhamis 9 ga Oktoba, da yamma

Ranar ƙwallon ciyawa ce a kulob, kamar kowace Alhamis. Mun ci. Ban je wurin Merv ba.

Asabar 11 ga Oktoba, da safe

Na haɗu da Sione Taufa a shagon burodi, shi da ya gyara mana famfo shekara da shekaru. Mutumin da in ya hango ni daga nesa yake ɗaga murya, "Anti Glenys, har yanzu ba ki sake aure ba? Ina nan ina jira!" Yau sai ya ce, "Barka da safiya, Anti," ya karɓi burodinsa ya fita. Yarinyar da ke kan kanta ita ma ta miƙo mini canji tana kallon wani wuri.

Wataƙila ciwon bayansa ne ya tashi.

Lahadi 12 ga Oktoba, bayan coci

Noelene ta shigo ba tare da biskit ba, nan na sha jinin jikina. Ta zauna, ta ƙi shayi.

"Ke dai da gaske ba ki sani ba?"

"Me?"

"Keken tsofaffi. Mai ƙafa uku, mai kujera a gaba, wanda Sione ke tuƙawa kyauta. Ba ya shiga shingenki. Ranar Alhamis sun zo sun gwada ta kowace kusurwa, suka juya."

Na ce na san da keken, na taɓa hango shi. Na ce abin tausayi ne, amma ba a yin doka don mutum ɗaya.

Ta dube ni yadda ake duban wanda ya fito da riga a bai-bai. "Glenys, wa kike tsammani yake zama a kujerar nan duk Alhamis? Tun watan Yuni?"

Na tashi na kunna butar shayin da ba wanda zai sha.

Da na dawo na ce, don me ba wanda ya gaya mini? Ta ce, "An ɗauka kin sani. Mijinki ne fa."

Ta ƙara da abin da ban tambaya ba. Wai a zaman majalisa na watan Agusta, da Sione ya ɗaga hannu ya fara maganar kekensa, ni na katse shi na ce in aka buɗe wa ɗaya ƙofa an buɗe wa kowa. Har tafi aka yi mini. Na tuna tafin sarai. Wai ya so ya ambaci sunan Merv, ya dubi yawan mutanen da ke zauren, ya koma ya zauna don kada ya kunyata ni.

Ban san lokacin da ta tafi ba.

Litinin 13 ga Oktoba, da sassafe

Doka doka ce. Keken marasa lafiya yana wucewa ta shingen, ni da kaina na tsaya sai da aka tabbatar da haka. Keken jarirai yana wucewa. Ba wanda zai ce na manta da marasa ƙarfi. Su tura shi a kujera mai taya mana, me ya hana?

Litinin ɗin dai, da rana

Kuma ai ba ni na kafa ba. Majalisa ce ta kafa.

Talata 14 ga Oktoba, da hantsi

Na buga waya gidan tsofaffin da Merv yake. Marisol ce ta ɗauka, nas ɗin da ke kula da ɓangarensu. Sai da na faɗi sunana sau biyu. Ba ta nuna mamaki ba, kuma da ta nuna da ya fi mini sauƙi.

Na kawo maganar kujera mai taya. Ta ce sun gwada. Da ya ga kujerar sai ya ɗauka asibiti za a kai shi, ya yi ta ihu har sai da aka ba shi magani. Na ce to a sa shi a mota a kai shi bakin ruwa ta wancan gefen. Ta ce tun ranar da aka kawo shi bai sake yarda ya shiga mota ba, in ya ga an buɗe ƙofar mota sai ya rungume ginshiƙi.

Na san dalili. Ranar da na kai shi can, da tawul ɗin wanka a kafaɗarsa ya shiga motar, yana tambayata ko na ɗauko man kare fata daga rana.

Keken Sione kaɗai yake hawa, don a ganinsa girmama shi ake yi, Kyaftin na masu ceton mutane a teku ana kai shi duba ruwa. Ƙafarsa ba ta kai shi ko bakin titi. Marisol ta ce in ya dawo daga teku yakan cinye abincinsa tas har ya nemi ƙari, ya kwana biyu ko uku yana cikin walwala. Alhamis ɗin da ta wuce, bayan sun juyo, ya ƙi cire hular masu ceto, mai ja da rawaya ɗin nan, ya tsaya a bakin ƙofa har aka kunna fitilu. Tun daga ranar sai ɗan shayi da rabin burodi.

Ta ce, "Za ki zo, Misis Harkin?"

Na ce Tuppence ba ta jin daɗi.

Tuppence tana kwance a ƙafata tana cin igiyar takalmina, lafiyarta lau.

Alhamis 16 ga Oktoba, da yamma

Ban je kulob ba. Na ce musu gwiwa.

Na tuƙa har gidan tsofaffin, na tsaya a can ƙarshen wurin ajiye motoci, ƙarƙashin bishiya. Ƙofar gilashi ce, ana ganin ciki. Merv yana tsaye da hular, an ɗaure masa igiyarta a haɓa. Wandon ya yi masa yawa. Ni na saya masa wandon nan, kuma daidai yake da shi a lokacin. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ɗaga masa hannu ya nuna waje.

Shekara arba'in mutumin nan yana tashi kafin rana ya je ya dubi ruwa ya ce ga inda za a kafa tutocin da ke nuna wa masu iyo wurin da ba haɗari. Ni kuwa ina kwance ina mita wai ya auri teku ya bar ni da wanki.

Na kashe mota, na kunna, na kashe. Ban shiga ba.

Juma'a 17 ga Oktoba, da safe

Na cire jaridar daga jikin firij.

Litinin 20 ga Oktoba, da rana

Na sa kwat ɗin zuwa coci na tafi ofishin Pruett. Ya tarbe ni da fara'a har kunne, ya ce wane laifi kuma kekuna suka yi. Na yi ta kewaye-kewaye, wai na ji wasu suna ƙorafi, wai ko za a duba. Ya bar ni na gama zagayena tsaf.

"Wasu," in ji shi. "To. Ai ke kika ce siminti, Glenys. Yana rubuce."

Ya ce abin da zama ya zartar sai zama ya warware. Zama na gaba da za a iya shigar da maganar sai farkon Disamba. In an amince, sai a nemi ɗan kwangila, kuma kowa ya san ba mai ɗaga guduma a ƙasar nan daga Kirsimeti har ƙarshen Janairu. Ya ce in sa rai da Fabrairu.

Na ce Fabrairu ta yi nisa.

"Ta yi wa wa nisa?"

Ya sani. Na ga a idonsa ya sani, so yake in faɗa da bakina. Na buɗe baki sai na ji na ce, ga tsofaffi gaba ɗaya. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu, ya raka ni har ƙofa da ladabi. Tsuntsun da ya ja ruwa dai shi ruwa kan doka. Da ya zage ni ma da na samu abin riƙewa.

Laraba 22 ga Oktoba, da hantsi

Wani ya rubuta SHINGEN GLENYS a jikin ƙarfen da baƙin alƙalami. Ina tsaye ina murza shi da yawu da hankici sai ga wata yarinya da keken jariri, wani ɗan kuma yana tafe yana riƙe da siket ɗinta.

"Ke ce ta jarida ko? Kai, na gode miki! Da ba na iya sakin hannunsa a nan ko na minti ɗaya. Dube shi yanzu."

Ta sake shi ya ruga a kan katako yana tangaɗi. Ba keke, ba ƙararrawa, ba abin da zai same shi. Abin da na nema kenan, kuma ga shi ya yi kyau. Na ce mata ba komai. Ta ce wanda ya yi rubutun nan ba shi da tarbiyya, ta ciro tsumman goge jariri ta taya ni gogewa.

Na dawo gida ban kai ga ruwa ba. Tun ranar Lahadin nan ban iya wuce shingen ba, ni da nake da ƙafafu biyu.

Alhamis 23 ga Oktoba, da yamma

Ban je ba.

Bronwyn ta bugo. Likita ya kira ta, ita, daga nan har Perth, ni da nake nesa da shi da tafiyar minti goma ba a kira ni ba. Merv ya rame sosai, ƙirjinsa ya fara ƙara. Likitan ya ce in haka ta ci gaba, nan da ɗan lokaci ba zai iya zama a miƙe ba, balle a fita da shi. Ta ce ta sayi tikitin jirgi.

Na fara yi mata bayanin majalisa da Disamba. Ta ce, "Mama, ba shinge nake tambayarki ba."

Na ce ba ta nan ranar Ista. Ba ita babanta ya nuna da yatsa a gaban mutane cike da ɗakin cin abinci yana cewa a fitar da matar nan, ɓarauniya ce, ba ita aka raka waje da kek ɗinta a hannu ba.

Ta ce, "Na sani. Shi bai san ki ba. Amma ke ai kin san shi."

Na ce abinci na kan wuta. Babu komai a kan wuta.

Asabar 25 ga Oktoba, da la'asar

Na je gidan Sione. Na yi rashin sa'a, ko sa'a, dangi sun cika bayan gida ana gashin alade, yara ko'ina. Na so in juya, matarsa Mele ta riga ta kama hannuna, kafin in ce uffan an ɗora mini faranti a cinya, gwaza da nama har yana zuba. A gidan nan ba a sauraron mutum sai ya ci.

Sione ya jawo kujera kusa da ni. Na shirya magana tun daga gida, ta gudu. Na ce, "Ashe kai ne kake fita da shi."

"Ni ne direban Kyaftin," in ji shi. "Ba albashi, sai zagi. Wai ina tuƙi kamar mai kai gawa."

Na tambaye shi me yake yi in sun kai. Ya ce da sun fito daga cikin kurmi ruwa ya bayyana, sai ya gyara zama, ya sa hannu ya kare ido. Ya nuna inda ruwa ke ja, ya ce kada a bar yara su shiga nan. Samarin masu ceto su taho su sara masa, "Yaya ka gani yau, Kyaftin?" Wani lokaci daidai yake faɗa, wani lokaci ruwan wata shekara can yake gani, su dai su ce an gama, Kyaftin.

Na ce babu wata hanya? Ya ce ta babban titi akwai gangara, an hana shi bi da fasinja, kuma ko ba a hana ba ba zai bi da tsoho ta nan ba. Hanyar katako ce kaɗai a shimfiɗe.

Na ce, "Da ka faɗa a zauren."

Ya daɗe yana juya nama a farantinsa. "Anti, a wurinmu ba a tsiraita babba a gaban jama'a. Na ce zan same ki a gida. Na zo sau biyu, na ga motarki, na ƙwanƙwasa."

Na tuna. Na ɗauka maganar keke ya zo roƙo, na yi lamo a kicin har ya tafi.

Ya ce ranar Alhamis zai sake fita da shi, ko iya shingen ne, ko ƙanshin ruwan ya ji wataƙila ya ci wani abu. Sannan ya ce, yana kallon yara ba ni ba, "Kujerar ta mutum biyu ce."

Mele ta cika mini roba da nama na taho da shi. Kunya ba ta bar ni na ci ba, ba ta kuma bar ni na ba Tuppence ba.

Talata 28 ga Oktoba, da safe

Na goge shuɗiyar rigata. Na mayar da ita. Na sake fito da ita.

Alhamis 30 ga Oktoba, da yamma

Na je.

Suna bakin ƙofa, Marisol tana ɗaura wa Merv bel a kujerar keken Sione, an rufa masa bargo a gwiwa duk da zafin nan. Na tsaya daga gefe ina jiran yatsan nan da ihun. Ya dube ni sama da ƙasa. Sione ya ce, "Kyaftin, ga wata baƙuwa tana son ganin ruwa, a rage mata hanya?"

Merv ya matsa gefe, ya taɓa hularsa. "Bismillah, Madam. Ki riƙe da kyau, direban nan ba shi da lasin."

Na zauna. Kafaɗarsa ta taɓa tawa, ƙashi zalla. Sabulun da suke masa wanka da shi ba irin namu ba ne. Muka bi ta bayan makaranta, ta gaban shagon burodi, mutane suna ɗaga masa hannu, suna ganina sai hannun ya tsaya a sama. Shi kuwa yana ta yi mini bayani, nan gidan wane ne, can da fili ne. Ya tambaye ni ko na iya ruwa. Na ce kaɗan. Shi ya koya mini, shekarar da muka haɗu. Ya ce in tsaya tsakanin tutoci kawai, ba abin da zai same ni.

Muka iso shingen. Daga nan ba a ganin komai sai kurmi da tudun yashi, amma ana jin rugugin ruwan, iska kuma tana kawo gishiri. Ya miƙe zaune, ya kai hannu goshi tun kafin a ga wani abu. Keken ya tsaya.

"Mu je mana."

Sione ya ce, "An rufe hanya, Kyaftin."

Ya leƙa ya ga ƙarafan. Ya miƙa hannu ya kama na kusa ya girgiza, da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

"Wane mara hankalin ne ya dasa wannan a nan?"

Ina jin numfashin Sione a bayana. Wata mata da kare ta rage tafiya, ta gane ni, ta ƙara sauri.

Na ɗauka zai yi ihu. Sai ya saki ƙarfen, ya jingina, ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci da na yi wata shida ban ji ba. Ya dafa hannuna.

"Kada ki damu, Madam, za ki ga ruwa. Matata ce maganinsu. Ba ki san Glenys ba ko? Bari ta ji labari. Sati ɗaya ba za su yi ba sai sun zo sun tone shi da hannunsu." Ya juya baya. "Kai direba, ka san gidanmu? Ka je ka gaya wa Glenys."

Sione ya sunkuyo ya gyara masa bargo.

Merv ya dawo da idonsa kaina. "Ko ke za ki gaya mata? Ki ce ina nan ina jira."

Na ce zan gaya mata.

Ya ce yawwa, ya gyara hularsa, ya naɗe hannu a kan bargo yana fuskantar kurmin. Muka zauna a nan muna jiran ta har Marisol ta bugo ta ce a dawo da shi, iska ta fara sanyi.